Zuhaira Mai Kitso da Kunnen Inna

Duk macen da ta taɓa ɗora kai a cinyar Zuhaira a Tanut ta san za ta tashi da abu biyu: kitso mai kyau, da labarin kunnenta wanda ba ta tambaya ba. Tana cikin tsaga gashi sai ta ja kunnen mutum kamar mai tayin akuya, ta leƙa, ta ce na wance matsattse ne kamar hannun mijinta, na wance kuwa jaki zai shige da mangalarsa. Matan su zage ta, su yi dariya, wani satin su dawo. Ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba, don a ganinta ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

A Gangara aka haife ta. Uwarta kitso take yi, tana kuma huda wa jarirai mata kunne, Zuhaira ce mai riƙe kai tun hannunta bai yi ƙwari ba. Kakarta ta wajen uwa Babarbariya ce, a wurinta ta gaji baki. Ta yi lekol, makarantar boko, har ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, daga nan ta ce wannan ya ishe ta zaman duniya. Aure ya kawo ta Tanut, gidan Husaini direba, mutumin kirki wanda ƙarar inji ta cinye masa rabin ji. Maƙwabta sun ce abin da ya sa auren ya yi ƙarko ke nan. Ta kafa rumfarta a bayan ƴan tabarmi, inda mata ke ratsawa in sun gama cefane.

Sana'arta ta biyu ba ita ta nema ba, ƙaninta Abdulmajid ne ya jibge mata. Ya dawo daga Aljeriya da akwati cike da ekuter, abin nan da ake cusawa a kunne a saurari salula, yana cewa nan da damina zai gina gida. Nasa ba irin na bakin tasha ba ne da ake saye da safe a yar da yamma. Masu nauyi ne, jikinsu ƙarfe, kowanne da ɗan akwatinsa cike da tarkace. Sai dai duk wanda ya saya ya dawo da ƙorafi: wannan ya ce yana zamewa, wancan ya ce ƙaran kamar sauro a gwangwani. Abdulmajid ya yi fushi da mutanen ƙasarsu ta Damargu baki ɗaya, ya ce ba su san abu mai kyau ba, ya tura akwatin ƙarƙashin gadon yayarsa ya hau motar Agadas.

Zuhaira ta jawo akwatin ne don tana son wurin ajiye kwanoni. Ta sa guda a kunne, ta ji sauron da ake faɗa. Ta danna da yatsa, sai ga ganga ta fito daga inda ba ta zata ba. Ta saki, gangar ta gudu. Wata macen da ta ce aljanu ne. Ita kuwa da ta girma tana leƙa ramin kunnen mutane, nan take ta gane cewa robar bakin ce ba ta toshe ramin ba, sautin yana zurarewa kamar ruwa a hujajjen tulu. Ta zazzage ƴan akwatunan a faifai ta yi ta gwadawa, har tuwon ranar ya ƙone. Roba mai faɗin baki tana sakin sauti ya yi haske. Mai tsukakken baki tana ƙara masa kauri. Ta soso, wadda ake murzawa a cusa ta kumbura a ciki, tana rage kaifi. A can bakin ƙarfen kuma akwai ƴar rariya da ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ma in an canza ta sai muryar mai waƙa ta canza kamar ya sha kunu.

Da matan kitso ta fara, don su ba su da wurin gudu. Daga mata abin ya kai ga mazansu. Mushe, malamin lekol, ya zo, jandarma ya zo ya zauna a tabarmar mata yana kallon sama, mahauta suka zo, har wani ladani da ya aiko da nasa a ɓoye, ta mayar da ɗan aiken ta ce ekuter ya zo amma kunnen bai zo ba. Ba ta gyaran salula, ba ta sa waƙa a kati. Aikinta ɗaya ne, ta daidaita abin da ramin kunnenka, ta tambaye ka me kake saurare, ta juya sautin har ya zauna maka. Kuma tana faɗa da bakinta, ba ta jira a yabe ta ba, cewa daga Tanut har Belbeji babu kunnen da ya gagare ta.

Ana nan, wata ranar kasuwa gab da faɗuwar damina, wata tsohuwar Bafulatana ta tsaya a bakin rumfar. Doguwa ce siririya, kitsonta ya sha man shanu yana ƙyalli, ƴan kuɗin ƙarfe da duwatsu suna leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali. Ta ce sunanta Inna, daga rugar da ke bayan Tenhiya take, an ce mata nan ake gyaran abin kunne. Zuhaira ta dube ta sama da ƙasa ta ce yau baiwar kakarta ce ta kawo gaisuwa. Inna ba ta ko ƙifta ido ba, ta tambaya ko Barebari sun fara wanka ne da har suke kallon mutane. Da haka suka gane juna, aka shimfiɗa mata buzu.

Ta kwance bakin zane ta fito da ekuter ɗin da Zuhaira ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Ɗanta Adamu ne ya aiko mata daga wurin haƙar zinariya a arewa, kuma ko ba a faɗa ba, ya ci kuɗin maraƙi. Abin da take saurare da shi ɗaya ne tak. Kafin mijinta ya rasu, Adamu ya ɗauki muryarsa a salula wata safiya a bakin rijiya, yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sunan mijin Attahir, amma ba daga bakin Inna aka ji ba. Ita sai dai ta ce mai shanun. Kullum in za ta yi tatsa sai ta sa shi a kunne. To yanzu ɓangaren hagu ya mutu, na dama kuma ya yi nisa. Motar Tenhiya za ta tashi bayan la'asar, kuma da ruwan farko ya sauka za su bi shanu arewa, ba ita ba kasuwa sai bayan kaka.

Zuhaira ta cire robar ta kai hanci, sai ta fashe da dariya. Man kitson Inna ne ya bi igiya ya gangara ya cika rariyar, ya haɗu da ƙura ya daskare. Da ta matsa da tambaya, Inna ta amsa cewa takan ƙara shafa masa kaɗan da gangan. Ai duk abin da mutum ke so ya daɗe yana shafa masa mai: igiya, takalmi, salka, gashi. Zuhaira ta kira masu tabarmi su zo su ga ekuter ɗin da ya fi miyar gidansu mai. Ta ɗauko alkol na wanke ciwo da tsinke da auduga, tana gogewa tana ba da labarin kanta, ta ce yau Inna za ta ji mijinta kamar yana zaune a kafaɗarta. Inna kuwa ta sayi ƙosai a ganye tana ci tana jira.

Rariyar ta fito fes. Zuhaira ta sa mata a kunne ta kunna, ta koma ta naɗe hannu tana jiran godiya.

Inna ta saurara kaɗan, ta zare duka biyun ta ajiye a buzu.

"Wannan ba shi ba ne."

"Shi ne mana, Inna. Salularki ce, katinki ne, ban taɓa komai a ciki ba."

"Na zauna da mutumin nan tun ban san ɗaurin zane ba. Wannan wani ɗan tallan magani ne. Ƴar nan, kin wanke shi."

Masu tabarmi suka sulale. Zuhaira ta sa abin a nata kunnen, ta ji abin da ya faru. Ekuter mai kyau ba ya rufa wa kowa asiri. Da ta buɗe masa hanya sai ya kwaso komai: iskar bakin rijiya, kukan icen da igiyar wasaki ke bi, tsiwar ƙaramar salular da aka yi ɗaukar da ita. Muryar tana nan a tsakiya, siririya, tana fita ta hanci. Ashe man nan da take yi wa dariya shi ke tace wannan hayaniya, ya bar wa tsohuwa kaurin muryar da ta sani. Inna ba ta yi kuka ba, Fulani ba sa yi a kasuwa. Ta ci gaba da cin ƙosanta a hankali, tana kallon hanyar tasha, kuma wannan ya fi kuka ciwo.

Wata mai jiran kitso ta ce a mayar da man kawai a huta. Zuhaira ta ce man ne ya kashe ɓangaren hagu, in aka mayar, kafin tsakiyar damina zai kashe duka biyun a dajin da babu mai tsinke da alkol. Ta sallami masu kitso, abin da ba ta taɓa yi ba ranar kasuwa, ta jawo faifanta.

Matsalar ita ce ba ta taɓa jin mutumin da rai ba. Sai ta ce Inna ta kwatanta mata. Inna ta noƙe, don yabon miji a gaban mutane ba ɗabi'arsu ba ce, sannan ta ce, tana kallon gefe, in ana tatsa a ƙaramar ƙwarya ƙaran daban, in ana yi a babba wadda ta kusa cika ƙaran daban. Nasa na babbar ne. Zuhaira ta ce to yanzu an yi magana.

Ta fara da kunnen kansa. Ta ja na dama ta leƙa, ta ja na hagu, ta sanar da duk mai son ji cewa tsohuwar nan kunnuwanta ba uwa ɗaya ta haife su ba, na hagu ya fi faɗi, nauyin ƴan kunne ya ja shi. Ta sa roba mai tsukakken baki, babba a hagu, matsakaiciya a dama. Inna ta ce ɗan tallan ya yi ƙiba, amma ɗan tallan ne dai. Ta canza zuwa ta soso, ta murza ta cusa ta riƙe har ta kumbura. Iskar ta kwanta. Inna ta ce wannan ya yi kama da ƙanin mai shanun, wanda ba ta taɓa shiri da shi ba. Husaini ya biyo ta wurin zai tafi masallaci, ya ba da shawara a canza igiyar, ya ji an ce igiya mai tsada tana gyara sauti. Zuhaira ta ce mutumin da sai an yi masa kira uku kafin ya juyo shi ne zai koya mata ji, amma don kada a ce ba ta bin miji ta canza. Inna ta ce ba ta ji bambancin komai ba. Husaini ya wuce abinsa.

Saura rariya. Irin wannan ekuter bakinsa gaba ɗaya ake kwancewa kamar murfin kwalba, a ɗaura wani, kuma duk cikin faifanta babu wanda ya hau. Ta san irinsa ba ya zuwa shi kaɗai, masu yin sa sukan haɗo da wasu bakunan, kowanne da irin sautinsa. Ta tambayi Inna ina akwatin da ya zo a ciki. Yana ruga, an sa allura da tozali. Robobin ciki fa? Akuya ta ci wasu, sauran sun bi iska. Ba wasu ƴan ƙarafa? Inna ta ce ita ba ta ga wani ƙarfen aiki ba.

Aka kira la'asar. Daga tasha ana jin yaran mota suna kiran Tenhiya. Inna ta fara naɗe igiyar a yatsa, ta ce ba komai, ƙanin ma ai jininsu ɗaya, za ta saba. Zuhaira ta ce ba a rumfarta ba. Ta ce a bari ta ƙara gwadawa sau ɗaya, ta ɗaga ɗankwalin tsohuwar don ta zagaya da igiyar ta bayan kunne. Hannunta na mai kitso ya bi jelar gashin da kansa, yana taɓa kuɗin ƙarfe, yana taɓa dutse, sai ya tsaya a kan wani abu da ba maƙerin Damargu ne ya ƙera ba. Ƴan ƙarafa ne masu rami, biyu ruwan zinariya, biyu baƙaƙe, an zura su a zare an kitse su tsaf a gefen kai.

"Inna, waɗannan fa?"

"Kwalliya ce. Yaron ya haɗo min a akwatin, ya san ina son abin gashi."

"Kin yi wata da watanni kina yawo da mijinki a ka, kin zo kina cewa na wanke shi."

Inna ta ce ba mai taɓa mata kitso, ƴar'uwarta ce ta yi mata, kuma ba za ta shiga mota da kai a tsefe kamar mahaukaciya ba. Zuhaira ta ce ta zauna a rumfar wa take tsammani, ta mai gyaran keke? Kafin tsohuwar ta gama rantsuwa an warware jelar. Ta ɗaga ƙarafan a rana. Masu ruwan zinariya rariyarsu a buɗe take, waɗannan sai su ƙara kaifi. Baƙaƙen rariyarsu a matse, da ɗan soso a ciki wanda mai ya riga ya cinye. Ta wanke su, ta cire ruɓaɓɓen da hantsaki, ta yanko sabo daga nata, ɗan mitsitsi, ta tura. Ta gwada a kunnenta ta ji ya toshe da yawa, ta zaro ta rage, ta sake mayarwa. Ta ɗaura, ta sa robar soso, babba a hagu.

Inna ta ɗauki ƙosanta na ƙarshe ta kai baki, Zuhaira ta kunna.

Inna ba ta ce shi ne ba. Taunar ce ta tsaya. Ta sauke hannu a hankali ta tura guntun da ya rage ƙarƙashin ganye, ta goge baki, ta jawo ɗankwali ta rufe tsefaffen gefen kanta, ta juya kafaɗa ta sunkuyar da kai. Macen da ta wuni tana zagin Barebari a tsakiyar kasuwa, ga ta nan zaune kamar amaryar da aka shigo wa ɗaki. Duk wanda ya san mutanen daji ya san ba a gaban kowa suke wannan ba. Matar da ta tsufa ba ta taɓa tauna abinci a idon mijinta ba, ba za ta fara yau ba.

Zuhaira, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta bar shi ya gama kiran shanunsa har ta ƙarshe. Sannan ta aika a ce wa direban Tenhiya matar Husaini ta ce ya jira, in kuwa ya tashi, matarsa ta nemi wata mai kitson. Ta ja kan Inna ta ɗora a cinya. Ta mayar da jelar yadda take, har ta fi, ta kitse ƴan zinariyar a ciki tunda su dai kwalliyar ce ta karɓe su. Ta ƙulla mata robobin soso a ƙyalle, ta nuna mata na hagu da na dama, ta ce mai kuma daga yau iyakarsa gashi, in ta kuskura ta shafa wa abin nan, ko a ina rugarsu take za ta ji labari. Inna ta ce kitson ba laifi, a hannun Babarbariya. Da ta miƙe za ta tafi, sai ta dafa kan Zuhaira ta ɗan jima, ta yi wata magana da Fulatanci wadda ba a fassara ba.

Bayan kaka wani mai raƙumi ya sauke ƙwarya a bakin rumfar, cike da man shanu, ya ce daga bayan Tenhiya, an ce a faɗa mata na miya ne, ba na kunne ba.

Zuhaira tana nan a bayan ƴan tabarmi, ta ƙara ƙiba, bakin bai ragu ba. Abu ɗaya ne ya canza a aikinta. Yanzu kafin ta goge ekuter ɗin kowa sai ta sa a kunne ta ji yadda mai shi ya saba jin sa, ta tambaye shi wa yake saurare. Kirarinta kuwa ta ƙara masa tsawo. Da takan ce daga Tanut har Belbeji. Yanzu har Tenhiya take cewa, kuma babu wanda ya isa ya ce ta yi ƙarya.